Kafin ka sauya fanka, leƙa saman silin

Idan a Birnin Kudu ko Gwaram ka taso, ba sai an ba ka labarin watan Afrilu ba. Zafi ya haura digiri 40, azahar na yi ɗaki ya koma tanda, fanka na ta juyi amma iskar kamar daga bakin murhu. Abin da zai fara zuwa ranka shi ne fankar ta tsufa. Mu ma haka muka ɗauka a gidanmu na Gwaram, lokacin da Inna ta ƙaurace wa ɗakinta ta koma kwana a tsakar gida, ga sauro, ga ta da hawan jini.

Ni da yayana muka yi karo-karo muka sayo sabuwa. Mai gyaran wutar da ya hau ɗaura ta bai yi minti biyar a sama ba ya sauko sharkaf da gumi. Ya ce, "Samari, ba fanka ce matsalarku ba. Hau ka gani."

Na hau. Tsakanin kwano da silin babu ko ƙofar da iska za ta bi ta fita. Ga warin kashin jemage, ga wayoyin da ɓera ya gaigaye. Ban iya jimawa ba.

Ka san fanka ba ta sanyaya iska, gumin jikinka kawai take busarwa. Shi kuwa kwano da tsakar rana yakan wuce digiri 60. Zafin nan sai ya taru a sama, ya gasa silin, silin ya yi ta sauke maka shi har cikin dare. Ko na'urar sanyaya ɗaki ka saka, da wannan zafin za ta yi ta kokawa, ga shi tana shan wutar da ta kai ta fanka goma. Wace ƙaramar sola ce za ta ja ta?

Kakanninmu da muke wa kallon 'yan da sun fi mu dabara. Soron ƙasa mai rufin azara, saboda kaurinsa, sanyi gare shi da bazara, ɗumi da hunturu. Ɗakin kwano kuwa akasin haka ne, shi ya sa a Disamba za ka ga an shiga da kaskon gawayi an rufe ƙofa. Don Allah kar ka yi, hayaƙin nan da ba a gani yana kisa cikin barci.

Abin da muka yi ba shi da yawa. Kafinta ya huda tagogi biyu masu fuskantar juna a bangon da ke saman silin, ya sa musu raga saboda jemagu. Aka sauya wayoyin aka zura su a bututu, muka shafe kwanon da farin fenti don ya rage shan rana.

In za ka hau, hau da sassafe. Kashe wuta, har da ta sola. Katako za ka taka, ba silin ba. In kuma tsohon silin ne na asbestos, kar ka fasa shi ko ka yanka, ƙurarsa na jawo cutar huhu har da kansa.

Inna dai ta koma ɗakinta, duk da ba zan ce maka ya zama firji ba. Tsohuwar fankar kuwa ashe kafasito ne kawai ya mutu. An sauya shi, yanzu tana zaure tana aiki.