Jirgin Yaƙi Daga Karan Dawa: Lissafi Kafin Reza

Duk wanda ya tashi a Yauri, Shanga ko Wara ta Ngaski ya san motar kara. Da an gama girbi mukan fere karan dawa, mu sa tayoyin sakaina, sai turawa. A wannan makon ƙaramin jirgin yaƙi za mu haɗa, irin wanda in aka kai shi baje kolin kimiyya na makaranta, malamin lissafi zai ɗora masa rula ya rasa abin gyara.

Ba sai mun je nesa neman samfuri ba. Can kudancin tafkinmu, kusa da New Bussa a Jihar Neja, akwai sansanin sojin sama na Kainji, gidan jiragen A-29 Super Tucano guda 12 da Nijeriya ta sayo daga Amurka. Shida na farko sun iso a watan Yulin 2021. Kamfanin Embraer na ƙasar Brazil ne ya tsara jirgin, kuma farfelarsa a hanci take, kamar Spitfire na Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu. A hotunan jarida za mu kalle shi. Kada wanda ya doshi sansanin soja da waya wai zai ɗauki hoto.

Abin da ke raba wannan aiki da wasan yara shi ne awo. Tsawon jirgin mita 11.38 ne, fukafukansa kuma daga wannan baki zuwa wancan mita 11.14. Mu mayar da su santimita, mu raba kowanne da 50: jiki kusan santimita 23 ke nan, fukafukai kusan 22. Ka ga tsawo da faɗi sun kusa zuwa ɗaya. Nan ne ido ke yaudarar yawancin masu haɗawa, su gajarce fukafukai, jirgi ya fito kamar ɗan tsako.

Totuwar kara uku ko huɗu za a manne da gam, a fere, a goge da samfefa har jikin ya yi sumul. Fukafukai na kwali. Wanda ya samu guntun katako wajen masu sassaƙa kwale-kwale ya fi kowa sa'a. Farfela kunne biyar gare ta, ba huɗu ba. Murfin matuƙa kuwa a yanko shi daga robar ruwa, dogo, domin kujeru biyu ne, gaba da baya.

Wanda ke da tsohon jirgin roba na kasuwa yana iya sauya shi: ya cire injinan gefe, ya ƙara hanci, ya sa farfela. Sai dai wata matsala: jirgin tayarsa ɗaya a gaba, biyu a ƙarƙashin fukafukai, kuma ƙaramin samfuri yakan zauna da wutsiya. Maganinta na wajen masunta. Dalma guda ta raga, a cusa a hanci kafin a rufe, shi ke nan.

Fenti kuma haƙuri yake so. Totuwa na shan fenti, don haka a fara shafa gam da aka sirka da ruwa, a bari ya bushe. Launi mai haske a ƙasa, mai duhu a kai, dabbare-dabbare, siriri-siriri har sau biyu. Tambarin sojin saman Nijeriya da'ira ce: kore a waje, fari, sai kore a tsakiya. A zana shi da kamfas a farar takarda, a yanka a manna, don buroshi ba ya fitar da da'ira mai ƙanƙanta haka.