Ƙuna Mai Zurfi da Tsaikon Fata

Jama'a, kun san in an dafa ganda ko ƙafar saniya, romon yakan yi danƙo in ya huce. Abin da ke kawo danƙon nan likitoci suna kiransa kolajin. Shi ne zaren da ke riƙe fatarmu da jijiyoyi.

To, sa'ad da wuta ta ci mutum da zurfi, takan cinye zaren nan. Sabon nama ya rasa abin kamawa, sai mikin ya tsuke, tabo ya yi tauri. Shi ya sa kukan ga yaro ya warke, amma hannu ya ƙi miƙewa.

A 1981 masana biyu na Amurka, Burke da Yannas, suka bayyana dabararsu. Sun tsabtace kolajin na saniya, sun mai da shi kamar soso, sun rufe bayansa da silikon. A shimfiɗa shi kan miki, watau tsaiko ke nan kafin jinka. Hanyoyin jini da nama su ratsa ƙofofinsa, shi kuwa ya narke sannu sannu. Bayan kamar mako 3 a ɗaye silikon, a dasa siririyar fatar mai ciwon a kai. A 1996 hukumar Amurka ta yarda da shi, sunansa Integra.

Amma fa da tsada, aikin manyan asibitoci ne, kuma ba ya kama mikin da ya ruɓe. Saboda haka in yaro ya ƙone, ku yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta minti 20. Kada ku shafa manja, ko ƙwai, ko toka. Ku rufe da ƙyalle wankakke, ku kawo shi ɗakin magani ran nan.