Me Ya Sa Matasan Ma'aikata Ba Su Zama Wuri Ɗaya?

A Amurka ana kiran waɗanda aka haifa tsakanin 1981 da 1996 da suna Mileniyal. A 2016 suka zama kaso mafi yawa na ma'aikatan ƙasar. Masu kamfanoni suna kuka da su, wai da an ɗauke su sai su fara hangen wani wurin.

A ganina ba laifinsu ba ne kaɗai. Da yawansu sun fito neman aiki ne lokacin da tattalin arziki ya karye a 2008, wasu suna kallo aka sallami iyayensu da furfurarsu. Don haka alkawarin fansho ba ya riƙe su. Kamfanin da ke son su zauna sai ya tura su kwas, ya faɗa musu lokacin ƙarin girma, wani lokaci ma ya bar su su yi aiki daga gida.