Ɗanwake A Akushin Salla

Kowace shekara in Salla ta ƙarato, magidanci a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya kan zauna da uwargida su yi lissafin cefane: shinkafar tuwo, kaji ko nama, man gyaɗa, da fulawar cincin ɗin yara. A cikin wannan lissafi da wuya ka ji an ambaci ɗanwake. Shi an bar wa 'yan makaranta da 'yan talla, har in aka kai wa baƙo shi ran Salla sai a ce an wulaƙanta shi. To, muna so masu karatu, tun ba malaman makaranta da akawunan ofis ba, waɗanda albashi kan ƙare musu wata bai ƙare ba, su ji labarin wani ɗan'uwan ɗanwake da ke can ƙasar Sin, sa'an nan su sake duban nasu.

A arewacin Sin, ran jajiberen sabuwar shekararsu, wadda kan faɗo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, iyali su kan taru wuri ɗaya suna ƙulla wani abinci da su ke kira jiyawzi. Garin alkama a ke kwaɓawa, a murza shi fale-fale, a zuba niƙaƙƙen nama da kabeji a tsakiya, a ninke a matse bakin, a jefa cikin tafasasshen ruwa. In ya taso sama ya kusa nuna, daidai yadda namu ke yi. Sun ce siffarsa ta yi kama da curin azurfar da kakanninsu ke ciniki da shi, saboda haka cinsa fatan arziki ne. Mai kuɗi da talaka duk shi su ke ci a wannan dare.

Amma akwai mutane iri biyu da jiyawzi na asali ya gagara. Na fari su ne waɗanda ba su cin nama ko ƙwai ko nono, ko wani abin da ya fito daga dabba. A Ingila sun kafa ƙungiyarsu cikin 1944, wani Donald Watson na cikin jagororinsu. Mu dai nama halal ne, ba mu kuwa zo hana kowa layya ba. Na biyu ba su ne su ka zaɓa ba, ciwo ne. A cikin alkama da sha'ir akwai wani danƙo da likitoci ke kira gulutin, wanda kan ɓata hanjin wajen mutum ɗaya cikin ɗari, ya sa masa zawo da kumburin ciki da rama da ƙarancin jini. Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da haka. Ya lura lokacin yunwar 1944 zuwa 1945, da burodi ya yanke, sai yaran da ya ke jiyya su ka murmure. Da burodi ya komo, ciwonsu ya komo. Maganin har yau ɗaya ne, watau a bar alkama da sha'ir da duk abin da ke da gulutin gaba ɗaya. Mai irin wannan ciwo a garuruwanmu ran Salla sai ya kauce wa funkaso da alkaki da cincin da taliya.

Wahalar masu dafa jiyawzi ba da alkama ba ita ce wannan danƙon da a ke gudu shi ne ke riƙe ƙullin. In babu shi, sai abin ya dare a hannu ko ya narke a tukunya. Don haka su kan haɗa garin shinkafa da sitacin rogo, su ƙara wani ƙaro da a ke sarrafawa a masana'anta, su maye nama da awara da ganye. Abin da su ke sayowa a kanti, iyayenmu mata sun daɗe da samunsa a bayan gida. Kuka ce. Yauƙinta shi ke ɗaure garin wake da na rogo ko na dawa, kanwa kuma ta tausasa waken ta fid da launin. Ɗanwake na gargajiya ba alkama, ba nama, ba nono, tun kafin a san akwai masu neman haka. Bambancin kawai, mutanen Sin a ciki su ke ɓoye ganyensu, mu kuwa a kai mu ke yankawa.

Sai dai fulawa ta shigo ta yi kane-kane. Tun da aka buɗe babban injin niƙa alkama a Apapa cikin 1962 ta ke ta ratsa ƙasa, har yanzu a gidaje da yawa abin da a ke kira ɗanwake fulawa ce zalla da kuka, waken sai a suna. Mun san dalili: ba surfe, ba zuwa inji, sai a kwaɓa kurum. Amma galibin alkamar nan daga ƙetare a ke sayo ta. Gwamnati ta taɓa hana shigo da ita a 1987, abin bai ɗore ba. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022 kuwa, mai tallan ɗanwake a Sabuwa ta ji a kwanonta. Alhali Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kudancin Katsina kuma ƙasar dawa da masara da wake ce, kowa ya leƙa kasuwar Sheme ko ta Dandume da kaka ya shaida.

Ba mu manta da halin da manoman nan su ka shiga ba. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara ran 11 ga Disamba 2020, sa'ad da 'yan bindiga su ka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya, amma tun kafin nan manoma da yawa sun bar gonakinsu na nesa. Tiyar waken da ta iso kasuwa a irin wannan hali, da kasada aka nomo ta. Wanda ya iya, ya saya da kaka ya adana cikin buhun nan mai riɓi uku da ba ya shan iska, ƙwari su mutu ba tare da an barbaɗa guba ba.

Ga uwargidan da ta yi niyya, ga yadda a ke yi. A surfa wake a shanya, a haɗa da busasshen rogo, in ana so da 'yar dawa, a kai niƙa. Kowane gida da awonsa. Mu mun fi son wake ya rinjayi rogo. In don mai ciwon nan a ke yi, lalle a tabbata ba a niƙa alkama a injin ba gabanin nan, gama ɗan ɓurɓushi ma ya isa ya tayar masa. A tankaɗe garin da kuka, a jiƙa kanwa a tace, a kwaɓa da ruwanta, kada ya yi tauri kada kuma ya yi ruwa. Kanwa kaɗan ta isa, in ta yi yawa ɗaci za a sha. Ruwa ya tafasa sosai tukuna, sa'an nan a dinga gutsura ana jefawa ƙanana-ƙanana. Aikin nan ya fi daɗi da hannu da yawa, a kira 'yan mata su kewaye tukunya. In kumfa ya taso a yayyafa ruwan sanyi, a bar shi ya ƙara dahuwa bayan ya yi sama, a tsaga ɗaya a ga cikin ya nuna, a tsame cikin ruwan sanyi.

Na Salla kuwa a soya man gyaɗa da albasa har ƙanshi ya kai zaure, a daka yajin ƙuli sabo, a yanka kabeji da tumatir da kokwamba a kai. Mai son ƙwai ya sa a gefe. A zuba shi a akushin da a ke fitarwa don manyan baƙi, a aika da shi tare da tuwon shinkafa, da zafinsa.