Cocin da Ya Gina Masallaci: Darasin Agaji daga Yola

A watan Afrilun 2021 aka buɗe wata sabuwar unguwa a Sangere-Marghi, cikin ƙaramar hukumar Girei ta jihar Adamawa. Gidaje 86 ne a cikinta, da makaranta, da coci, da masallaci, kuma Cocin Katolika na Yola ne ya gina su ƙarƙashin jagorancin Bishop Stephen Dami Mamza. Masallacin ne ya sa labarin ya karaɗe ƙasa, amma aikin da ya haife shi ya ɗauki fiye da shekara shida. Wanda ya bi diddigin wannan aiki zai gane abin da agajin coci yake nufi ga al'umma, da kuma inda ƙarfinsa yake.

Asalin lamarin daga 2014 ne. A cikin 'yan watanni Boko Haram ta mamaye Madagali da Michika, sannan a ƙarshen watan Oktoba ta kama Mubi, gari na biyu mafi girma a jihar. Jama'a suka fantsama, wasu cikin duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru, mafi yawa kuwa suka nufo Yola, da dama daga cikinsu a ƙafa. Sansanonin gwamnati ba su ɗauki ko rabin mutanen ba. Akasarinsu a gidajen dangi da na masu tausayi suka raɓa, sai ka tarar da gidan mutum goma ya koma na mutum arba'in.

A wannan hali ne aka buɗe ƙofofin babban cocin Saint Theresa da ke Jimeta. Dubban mutane suka kwana a harabarsa da ajujuwan makarantarsa. Bishop Mamza kansa ɗan Bazza ne a ƙasar Michika, don haka waɗanda suka zo ɗin mutanensa ne, Kirista da Musulmi. Ba a tsaya a bakin ƙofa ana tambayar sunan mutum don a gane addininsa ba.

Me ya sa coci ya iya abin da manyan hukumomi suka yi jinkiri a kansa? Dalili na farko shi ne yana nan tun kafin masifa ta zo. Ƙungiyar agaji ta waje sai ta nemi izini, ta kama ofis, ta ɗauki ma'aikata, ta yi ƙidaya. Coci kuwa yana da fili da rijiya da ɗakunan taro, yana da Zumuntar Mata da suka saba girkin taro, yana da matasa masu sauke buhu, yana da katikis da ya san ƙauyuka gida-gida. Idan mace ta ce daga Gulak ta fito da 'ya'ya biyar, akwai wanda zai shaide ta. Wannan sanayya tana rage ha'inci a rabon kaya fiye da kowace takarda.

Dalili na biyu shi ne hanyar samun kuɗi. Tushenta baikon ranar Lahadi ne, da zakkar da masu bi ke fitarwa, da tarin da Katolika ke yi a lokacin azuminsu na kwana arba'in kafin Ista, da hatsin da manoma ke kawowa a bikin godiyar kaka. Wannan ba ya isa ciyar da dubbai, amma yana riƙe tukunya kafin taimakon nesa ya iso. A ɗarikar Katolika akwai hukumar adalci da raya al'umma da zaman lafiya, wadda aka fi sani da JDPC, ita ke tsara irin waɗannan ayyuka a yankin kowane bishop, ta rubuta buƙatu, ta kuma ba da lissafi ga masu tallafi. Ta irin wannan hanya ce ƙungiyar Missio ta Jamus ta tallafa wa ginin gidajen Sangere-Marghi.

Cocin bai yi aikin shi kaɗai ba. Tun 2012 akwai wata ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa da Jami'ar Amurka da ke Yola ta kafa tare da malaman Musulunci da shugabannin Kirista, irin su Imam Dauda Bello da shi Bishop Mamza. Da gudun hijira ya tsananta, tare suka riƙa raba masara da shinkafa da wake, yau a harabar coci, gobe a wajen ƙungiyoyin Musulmi. Amanar da aka ƙulla lokacin zaman lafiya ita ta yi rana lokacin tashin hankali.

Da sojoji suka ƙwato garuruwan tsakanin ƙarshen 2014 da farkon 2015, mafi yawan 'yan gudun hijira suka koma gida. Sai dai akwai iyalai 86 da ƙauyukansu ke dab da dajin Sambisa, komawa gare su tamkar miƙa wuya ne ga mahauci. Suka ci gaba da zama a harabar cocin shekara da shekaru. A nan ne ake gane agajin da ya san abin da yake yi. Abinci yana raya jiki, amma magidancin da ya shekara biyar yana bin layi da kwano mutuncinsa na zubewa a gaban 'ya'yansa. Abin da yake buƙata shi ne ɗaki mai ƙofa, da gonar da zai noma, da makarantar yara. Shi ya sa aka koma ga gina gidaje.

Cikin iyalan akwai Musulmi 'yan kaɗan. Da aka gina wa Kirista wurin ibada, sai aka ga rashin adalci ne a bar maƙwabtansu suna salla a rana. Ba kowa ne ya ji daɗin haka ba. Wasu Kirista sun soki bishop ɗin, suna ganin cocin da aka ƙona wa majami'u bai kamata ya gina masallaci ba. Amma matakin ya amsa wani zargi da ya daɗe a zukatan mutane a Arewa, cewa taimakon coci tarko ne na sauya addini. Wanda ya ci abincin coci shekara shida, ya fita da addininsa, har aka gina masa inda zai yi salla, shi ne hujjar da ta fi kowace muhawara.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa da kewaye. Asibitin ido na ECWA a Kano tun shekarun 1940 yake duba idon Musulmi da Kirista, asibitin Galmi a Nijar kuwa tun 1950 yake karɓar marasa lafiya da akasarinsu Musulmi ne. Sun daɗe ne saboda jama'a sun gwada su sun ga ba a sa musu sharaɗi.

Darasin bai tsaya ga manyan majami'u ba. Ƙaramin coci a unguwa, ko kwamitin masallaci, ko ƙungiyar matasa, kowa na iya ɗaukar abu huɗu. A san mabukatan unguwa tun kafin bala'i, musamman gwauraye da marayu da tsofaffin da ba sa iya fitowa. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta shi a gaban jama'a. A daina ɗaukar hoton mai karɓar mudun shinkafa ana yaɗawa a Facebook, domin rufin asiri rabin taimako ne. Sannan a sanya dattijo daga ɗaya addinin cikin kwamitin rabo, don shi zai nuna gidan da idon masu rabon bai kai ba. Ƙungiyar da ta riƙe waɗannan tun yanzu, ranar da buƙata ta taso ba za ta tsaya neman amanar mutane ba, aiki kawai za ta kama.