Ciwon Wuyan Hannu ga Masu Hawan Dutse

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja ya ga Dutsen Zuma, kusa da Suleja a Jihar Neja, wanda hotonsa yake jikin takardar naira 100 da aka fitar a 1999. Shi da sauran duwatsun wannan yanki suna jawo samari da baƙi masu sha'awar hawa. Hawa kuwa ya zama wasa sosai a duniya, har an yi gasarsa a wasannin Olamfik na Tokiyo a 2021. To, amma daga cikin abubuwan da ke damun masu hawa akwai ciwon wuyan hannu da na sangalin hannu. Ciwon nan iri uku ne, kuma rashin bambance su yakan jawo wa mutum asarar amfanin hannunsa.

Yadda hannu yake aiki

Tsokokin da ke damƙe yatsu suna cikin sangalin hannu ne, tsakanin gwiwar hannu da wuyansa. Daga nan waɗansu jijiyoyi masu kama da igiya suka miƙe zuwa yatsu. Guda 9 daga cikinsu, tare da wata jijiya mai kai ji, suna ratsa wani matsattsen lungu a wuyan hannu, inda ƙananan ƙasusuwa 8 suke jere. Tsoka tana saurin yin ƙarfi, amma jijiya sai ta ɗauki watanni. Shi ya sa sabon mai hawa yakan ɗora wa jijiyarsa nauyin da ba ta isa ɗauka ba.

Na farko: gajiya

In mutum ya daɗe yana riƙe da dutse, sai sangalin hannunsa ya ɗaure, ya yi tauri, riƙo ya gagara. Wannan gajiyar tsoka ce. In ya huta, ya saki hannuwa ya girgiza su, sai ta wuce.

Na biyu: rauni a jijiya

In zafin ya tsaya wuri ɗaya, yana ƙaruwa sa'ad da aka damƙi abu ko aka murɗa hannu, to jijiya ta ji rauni. Sai a dakatar da hawa. A naɗe ƙanƙara cikin ƙyalle a ɗora na minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini, har kwana biyu ko uku. Bayan zafin ya lafa, a riƙa motsa hannun a hankali. In an yi mako biyu babu sauƙi, ko kuwa babban yatsa da biyun da ke binsa suna sagewa, musamman da dare, sai a ga likita.

Na uku: karaya

Wanda ya zame yakan tare ƙasa da tafin hannu. Ta haka wani ƙaramin ƙashi da ke gindin babban yatsa yakan tsage, a zaci targaɗe ne kawai. Jini kaɗan ne ke kai wa wannan ƙashi, saboda haka in an yi sakaci ba ya haɗewa. Wani lokaci ma tsagewar ba ta fita a hoton farko, sai an sake ɗauka bayan kwana 10 zuwa 14. Don haka duk wanda ya faɗi, gindin babban yatsansa yana zafi in an danna, wajibi ne ya tafi asibiti.

Ana gargaɗin jama'a game da ɗauri mai tsanani, ko a gida ko wurin maɗori. Hannun da ya ji rauni yana kumbura, in kuwa an matse shi sai jini ya tsaya. In yatsu suka yi sanyi, ko suka sage, ko zafi ya yi ta ƙaruwa, a kwance ɗaurin nan da nan, a garzaya asibiti. Jinkirin 'yan awoyi yana iya shanye hannun, ko ya kai ga yankewa.

Rigakafi

Kafin a fara hawa, a motsa jiki da yatsu na minti 10. A bar ƙafafu su ɗauki nauyin jiki, kada a rataye shi duka a hannuwa. A riƙa barin kwana ɗaya ko biyu na hutu tsakanin hawa da hawa. Kada a hau dutse da damina sa'ad da yake santsi, kada kuma a hau wuri mai tsayi ba da igiya da ƙwararren jagora ba. Hannun da ake hawa da shi, da shi ake noma da sana'a.