Kanwa, Gishiri Da Maganin Zuciya: Abin Da Mai Jego Ya Kamata Ta Sani

A garuruwanmu na Wurno, Rabah da Goronyo, ba baƙon abu ba ne a ga mai jego ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama, ba ta iya barci sai a jingine. Sau da yawa raunin zuciya ne na bayan haihuwa. Wani bincike na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ya fito a 2007 ya samu wannan ciwo a mace 1 cikin kowace haihuwa 102.

Cikin magungunan da likita kan bayar akwai digoxin, mai ƙara wa bugun zuciya ƙarfi. To yaya yake aiki? Kowace ƙwayar naman zuciya tana da ɗan famfo mai fitar da sinadarin sodiyam waje, ya shigo da fotasiyam. Maganin yana rage aikin famfon, sai sodiyam ya taru a ciki. Taruwarsa kan hana kalsiyam fita yadda ya saba, shi kuwa kalsiyam shi ke sa naman ya matse. Da ya yawaita, sai bugun ya yi ƙarfi.

Kada uwargida ta ce ashe kunun kanwa magani ne, tunda kanwa da gishiri cike suke da sodiyam. A'a. Wanda aka sha jini yake shiga, ya riƙe ruwa a jiki, ya ƙara wa zuciyar da ta gaji kaya. Binciken baya-bayan nan bai tabbatar kanwa ce ke haddasa ciwon ba, amma wadda ya riga ya kama dole ta rage ta.

Sannan tazarar da ke tsakanin magani da guba a digoxin kaɗan ce ƙwarai, musamman ga mai shan ƙwayar sa fitsari, wadda ke zubar da fotasiyam. Kada a ƙara ko ƙwaya guda, kada a ba maƙwabciya. A guji haɗa shi da tumfafiya, domin tana ɗauke da irin wannan sinadari. In amai ya zo, ko gani ya koma rawaya-rawaya, ko bugun ya rikice, a garzaya asibiti.

Jiki amana ce, neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.